Shekarar da Na Ƙi Yi wa Mai Ogan Ƙarya

Safiyya, ke ce kika taɓa dawowa daga wani biki a unguwarmu ta Aƙiƙ, nan Madina, idonki jawur, kika ce wata tsohuwa ta faɗa a gaban mata cewa ubanku bai samu aikin koyarwa ba ne saboda har yanzu rabin zuciyarsa yana coci. Ran nan ban ce miki komai ba sai dai ki je ki wanke fuska. Yanzu gwiwa ta daina hawan bene, ido ya fara gajiya, gara in rubuta yadda abin ya faru, ke da ƙannenki Abdullahi da Maryam ku ji daga bakina. Da Hausa na rubuta, da gangan. Na san za ku karanta ku ba ni amsa da Larabci kamar yadda kuka saba. Ba komai, ku dai karanta.

A wani ƙauye kudu da Zariya aka haife ni, a gidan Kirista. Kakana Bamaguje ne, 'yan mishan suka same shi a gona suka yi masa magani, ya bi su. Yohanna aka raɗa mini. Da na shiga kwalejin horar da malamai ta mishan, a nan na haɗu da Mista Kolbi, wanda duk garin ba a san shi da wani suna ba sai Mai Ogan. Dogon Bature ne mai ranƙwafaffen baya, ya haura hamsin, kunnensa na hagu ba ya ji, don haka in zai saurare ka sai ya juyo da kai kamar kaza tana kallon shaho. Hausarsa a karye take, yana ce wa mace kai, namiji ke, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Shi ke koyar da waƙa a kwalejin, ran Lahadi kuma shi ke kaɗa ogan a babbar majami'a.

Ku ba ku taɓa ganin ogan ba. Abu ne da ya kusa kai girman ɗaki, da bututu jere na ƙarfe da na katako, wani ya fi mutum tsawo, wani bai wuce yatsa ba. Ana tura musu iska da zugazugi irin na maƙera, mai kaɗawa yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu lokaci guda. Namu tsoho ne, gara ta ci katakonsa, ɓeraye sun cinye fatar zugazugin. Ni da shi muka shiga birni wajen majema muka zaɓo fatar akuya, muka zauna muna ɗinki muna liƙawa har damina ta wuce. A wajen wannan aiki ya fara koya mini kaɗawa, kuma a nan ya ba ni labarin kansa, guntu-guntu, ba tare da ya ɗago ido daga fatar ba.

Ubansa mai zuba gawayi ne a wutar jirgin ƙasa. Tun yana ƙarami aka ji muryarsa aka ɗauke shi cikin yaran da ke rera waƙa a babbar majami'ar garinsu. Da ya balaga murya ta sauya, sai ya ƙi tafiya, ya liƙe wa tsohon mai ogan yana buɗe masa shafi har tsohon ya gaji ya matsa masa gefen kujera. Yaƙi ya ɗauke shi, ƙarar igwa ta kashe masa kunne ɗaya, ya dawo ya ci gaba da wanda ya rage. Daga baya aka ba shi kujerar ogan a wata babbar majami'a a arewacin Ingila, irin wadda bishof ke zama a cikinta, gini na dutse da ya ce ya girmi kakannin kakanninsa. Sama da shekara ashirin yana kaɗawa kowace yamma, ko da tsofaffi mata uku ne kawai suka zo cikin sanyi. Abin da ya raba shi da wurin ba kiɗa ba ne. Akwai wani tsoho cikin mawaƙansa da murya ta fara gudunsa, shugaban majami'ar ya ce a sallame shi kafin wani babban taro, a kuma karɓe gidan da yake ciki. Mista Kolbi ya ce duk ranar da aka fitar da tsohon, a nemi wani mai ogan. Aka fitar da tsohon, aka nemi wani mai ogan. Matarsa ta riga ta rasu, ba su haihu ba, sai ya tattara littattafansa ya hau jirgin ruwa zuwa ƙasarmu.

Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce:

"Kullum, Yohanna. Kullum da yamma. Amma nadama daban, kuskure daban."

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji Allah ya buɗe mini zuciya ga Musulunci, ta hannun wani tela a Tudun Wada da muka daɗe muna gardama. Mista Kolbi na fara gaya wa, kafin ubana. Ya juyo da kunnen nan mai ji, ya sa na maimaita.

"Wani ne ya tilasta ka?"

Na ce a'a.

"To ogan fa?"

Na ce na bar shi har abada.

Ya daɗe yana kallon hannuwana. Sannan ya ce, "Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa koyar da yaro mai kunne irin naka ba."

Mun yi gardama yini guda a kan Annabi Isa, shi bai sauka ba, ni ban sauka ba, daga nan bai sake ɗaga maganar ba. Baffannina suka jefo mini akwatina waje. Kwaleji ta ce in bar ɗakin kwana. Shi ne ya buɗe mini ɗakin da ke bayan kicin ɗinsa, ya hana kukunsa shigo da naman alade gidan, da azumi ya zo ya sa ana ajiye mini abincin sahur a rufe. Manyan mishan suka kira shi suka ce ko dai ya kore ni ko su san abin yi. Bai kore ni ba. Ƙarshen shekara ba su sabunta masa aiki ba. Ni na ɗauki akwatinsa zuwa tashar jirgi, a nan kuma ya fara kirana Yahaya, da ƙyar harshensa ya juya sunan.

Bayan 'yan shekaru na samu gurbin karatu a Madina, a sashen hadisi. A wani hutu na koma na auro mahaifiyarku Hadiza, muka kama haya a saman gidan Baba Sale a Aƙiƙ. Kun san shi da tsufa, ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Kakansa ne ya taho daga Katsina da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga kafin ya tsallako. Shi Baba Sale a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne, yana da gonar dabino a Awali, Hausarsa rabi Katsina rabi Sudan, sauran kuma Larabci. Gidan ba ya shiru. Hajiya Kaltume matarsa tana ƙwala wa ɗansu Fu'adu kira da Hausa daga kicin, shi yana amsawa da Larabci daga kan titi, Baba Sale yana zagin famfon da ya ƙi kawo ruwa da harsuna biyu. Mahaifiyarku ta koyi Larabcin kasuwa a wannan tsakar gida kafin ni in gama koyon na littafi.

Shekarar da nake son ku sani ita ce ta gama karatuna, Hadiza tana ɗauke da cikinki, Safiyya. A lokacin akwai wani babban malami ɗan ƙasarmu, Malam Haruna, wanda ya daɗe yana koyarwa a nan. Duk ɗalibin da ke son a riƙe shi ya koyar ko ya yi fassara bayan ya gama, bakin Malam Haruna ake saurara. Zan yi masa adalci: shi ya zaunar da ni ya warware mini nahawu lokacin da na kusa faɗuwa, kuma da Hadiza ta yi zazzaɓi da motarsa aka kai ta asibiti. Ya riga ya gaya mini sunana yana cikin waɗanda zai miƙa. A shekarun nan kaset ya fara yawa, alhazai suna saye a shagunan kusa da Masallacin Ƙiblatain suna kaiwa gida tsaraba. Malam yana ɗaukar wa'azi a falonsa, sai ya ce yana son labarina ya shiga kaset.

"Mutane za su so su ji irin wahalar da ka sha a hannun Baturen nan," in ji shi.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban sha wahala a hannunsa ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ka dai zo, Allah zai buɗe bakinka."

Na ɗauka ya fahimce ni. Ranar bayan la'asar na je, na tarar falon cike da ɗalibai, an shimfiɗa darduma, ga rikoda a kan ƙaramin tebur, ga butar shayi tana zagayawa. Malam ya danna rikoda ya yi gabatarwa. Ya ce ga wani bawan Allah da wani Bature ya yaudara da kiɗa tun yana yaro, ya mai da shi makaɗin coci, da ya ga hasken Musulunci kuma Baturen ya yi masa dukan kawo wuƙa ya kore shi cikin ruwan sama. Ina zaune ina jin ɗalibai suna jan numfashi. Ya turo mini makirufo.

Na yi bisimilla. Na faɗi yadda na musulunta, na gode wa Allah da telan Tudun Wada. Na ce na bar kiɗa kuma ban sake taɓa shi ba. Sannan na ce akwai gyara a gabatarwar Malam: a gidan Kirista aka haife ni, ba wanda ya yaudare ni zuwa coci, waɗanda suka kore ni dangina ne, Baturen kuwa shi ya ba ni ɗaki, ya ciyar da ni da azumi, ya rasa aikinsa saboda ni.

Malam ya kashe rikoda. Bai ɗaga murya ba.

"Yahaya, kaset ɗin nan ƙauyuka zai shiga, inda 'yan mishan ke bin yaranmu da magani da makaranta. Kana so su ji cewa Nasara mutanen kirki ne?"

"Ina so su ji abin da ya faru, Malam."

"Wanda na faɗa ya faru da wasu. Na san yara da yawa da aka yi wa haka."

"To a kira su su faɗa. Ni ba a yi mini ba."

"Kana kare kafiri a garin Manzon Allah?"

Na ce, "Ba addininsa nake karewa ba, na bar addininsa ya ji zafi, ya gaya mini. Amma shekarun da na yi a garin nan, abin da ake koya mini kullum shi ne yadda ake jefar da ruwayar mutumin da aka kama da ƙarya, ko da niyyarsa ta alheri ce. Ku kuka koya mana. Yau kuma in zauna a ɗauki muryata ina ƙarya?"

Wani ɗalibi daga can bayan falon ya ce ai dama jini ba ya ƙarya. Malam bai tsawata masa ba. Na miƙe na yi sallama, ba wanda ya amsa sai Bello, wani abokina Basakkwace. Na nemi takalmina a bakin ƙofa na taka da ƙafa har Aƙiƙ.

Kada ku zaci mahaifiyarku ta yi mini guɗa. Tana tankaɗe na ba ta labari, ta ajiye rariya ta kalle ni.

"Malam, mutumin nan yana can Ingila. Ba ya jin Hausar kirki, ba zai taɓa jin kaset ɗin ba. Ni kuwa ga ni a gabanka, ga abin da ke cikina. Wa ka zaɓa?"

Na ce ba zaɓi tsakaninsu ba ne.

"Zaɓi ne," in ji ta. "Kai dai ba ka so ka kira shi da sunansa."

Ta yi kwanaki ba ta ce mini komai sai ga abinci, ga ruwa. Ba ta yi kuskure ba wajen lissafin abin da zai biyo baya. In ba a riƙe ni aiki ba, iƙamata, wato takardar zama, za ta mutu da ƙarewar karatu. Gidan ubana a rufe yake gare ni. Labari kuma ya riga mu isa gida ta bakin ɗaliban da suka tafi hutu, cewa Yahaya tubabbe ya yabi Nasara a gaban malamai, don haka makarantun da zan iya koyarwa a can ma sun ji.

Bello ya zo da sulhu. Muka zauna a kan soro, ya ce Malam ya sauko: ba sai na zagi kowa ba, a bar gabatarwar yadda take, ni in faɗi musuluntata kawai in yi shiru a kan Baturen.

"Shiru kawai, Yahaya. Ba za a ji ƙarya daga bakinka ba."

Na ce, "In mutum ya ce an yi mini duka, ya miƙo mini makirufo, na yi shiru na wuce, mai saurare me zai ɗauka? A cire gabatarwar, in zo gobe."

"Ka san ba zai cire ba. An yi a gaban ɗalibai."

"To ni ma a gabansu na faɗi tawa."

Sunaye suka fito babu nawa. Waɗanda na fi su maki suka samu ofis da gida. Wasu da muke cin abinci a faranti ɗaya suka koma tsallaka titi in sun hango ni.

Baba Sale ya ji komai, domin a gidan nan ba a ɓoye tari. Wata safiya ina saukowa ya tare ni a matakala, yana ɗaura rawaninsa.

"Kai, ɗan Zazzau. An ce ka yi wa kanka tsiya."

Na ce haka ake cewa, Baba.

"Ni ban san hadisi ba, ban san Baturenka ba. Ina da dabino, ba ni da mai hawa, Fu'adu ya ce shi sai aikin ofis. In za ka iya, in ɗauke ka a kafalata, takardarka ta koma sunana. Amma aikin ƙarfi ne, ba ruwan itace da takardar shaidar karatunka."

Na ce zan iya, alhali ban taɓa hawa ko giginya ba.

Haka na shiga Awali. Na koyi ɗaura igiya a ƙugu, na koyi sare ƙaya, na koyi ɗauko furen namijin dabino in ɗaura a cikin na mace, na koyi juya ruwa daga wannan layin dabino zuwa wancan kafin rana ta yi zafi. Abokan aikina 'yan Chadi ne da wani Bayamane. Yatsun da Mista Kolbi ya yi shekaru yana lanƙwasawa suka tsattsage, ƙaya ta shiga ƙarƙashin farce, har riƙe alƙalami ya zama aiki. Ranar sunanki, Safiyya, daga gona na zo da jini a tafin hannu, Hajiya Kaltume ta ɗaure mini da tsumma kafin in karɓe ki. A ranar ce mahaifiyarku ta kalli hannun, ta kalle ni, ta ce:

"Taurin kanka dai ba zai kashe mu ba, na gani. Kawo in sa maka man zaitun."

Daga nan ba ta sake yi mini gori ba, ko da yake har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa na yi daidai ba.

A wani aikin hajji, wani Lawal, wanda muka yi kwaleji tare, ya neme ni har gona. Gwamnati ta taɓa tura shi kwas Ingila, ya ce ya bi sawu har ya samu Mai Ogan a wani ƙaramin gari a bakin teku, yana kaɗa wa wata 'yar majami'a da ba ta kai falon Baba Sale biyu ba, ɗayan kunnen ma ya fara tafiya. Mai Ogan ya tambayi Lawal ko ina cin abinci sosai, ko na yi aure. Ya ce bayan ya koma gida daga Ingila labari ya iske shi cewa tsohon ya mutu. Na san hukunci, ban roƙa masa gafara ba, ba kuma zan ce muku na yi ba. Na zauna a gindin dabino na yi kuka, wannan kam ba wanda ya hana ni.

Na yi shekaru a saman dabino kafin Baba Sale ya sauko da ni ya ba ni shagon da kuka tashi kuka gani. Karatuna bai tafi a banza ba, yaran unguwa da yawa a tsakar gidanmu suka fara haddar hadisi, ba albashi, ba allo mai suna. Malam Haruna kuwa ya samu wani ya yi masa kaset ɗin, na ji ana sa shi a wani shago, na wuce. Muna haɗuwa a Harami mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi jiki, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Malam Haruna ya rasu kafin a haifi Maryam. Na rufe shago na je, aka yi masa salla a Masallacin Annabi, na sa kafaɗata a makararsa har Baƙi'a, na zuba ƙasa da hannuna, na roƙa masa rahama da zuciya ɗaya, domin malamina ne. Muna fitowa Bello ya kamo hannuna. A lokacin ya zama babban malami, gemu ya yi fari.

"Ka yafe masa ke nan?"

Na ce tuntuni.

"To da ka san haka za ta kasance, duk shekarun nan a kan itace, da ba ka yi shirun nan kawai ba?"

Na ce, "Bello, je ka ɗauko rikodar. Ka tara ɗaliban. Abin da na faɗa ran nan shi zan faɗa, sai dai yanzu zan ƙara da cewa Baturen ya tambaya ko ina cin abinci."

Ya saki hannuna. Na tsallaka titi na koma na buɗe shago, akwai alhazai a bakin ƙofa suna jira.